Tambaya da Amsa: Labarin Raha ga Yara a Kan Ƙaura da Barin Aboki

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan jigo guda: yaron da iyayensa za su koma wata ƙasa, ya bar amininsa a baya, da yadda za a rubuta masa labarin da zai sa yara dariya. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji biyu na firamare, kuma ina son rubuta labarin wata yarinya 'yar shekara bakwai da za ta bi iyayenta ƙasar waje ta bar aminiyarta. Duk lokacin da na fara sai ya koma labarin kuka, ni kuwa dariya nake so su yi. Ta ina zan ɓullo masa? — Malama Hadiza

Wa'alaikumus salam, Malama. Galibi abin da ke jawo haka shi ne babba ya karɓe bakin yarinyar, ya riƙa bayyana mana irin baƙin cikin da take ciki. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya wuni da tagumi idan an gaya masa abin da ba ya so. Tashi yake ya nemi dabara. A cikin dabarun nan rahar labarinki take, domin ita yarinyar da gaske take yi, mai karatu ne kaɗai ke ganin abin ba zai yiwu ba.

Ga misali. Mu kira tauraruwar Nana, aminiyarta kuma Bilki. Nana ta ji mahaifiyarta na cewa kamfanin jirgi ya yarda kowa ya tafi da akwati mai nauyin kilo 23, wanda shi ne ma'aunin da kamfanoni da yawa ke bayarwa. Sai ta ɗora Bilki a kan sikeli: kilo 24. Aka cire takalma, aka cire ribom, aka fitar da duwatsun wasa daga aljihu, Bilki ta riƙe numfashi ko za ta ƙara sauƙi. Ko jimla ɗaya ba a yi ba da ke cewa Nana na son Bilki, amma duk yaron da ya ji ya gane. Ki tsaya a kan sikelin. Kada Bilki ta shiga akwati a ja zif, domin yara na kwaikwayon abin da suka gani a littafi, kuma edita mai lura zai nemi a cire shafin.

Ki shirya dabaru uku, kowace ta fi ta baya girma, kowace kuma ta rushe ta wata hanya dabam. Biyu ba su isa yaro ya kama salon ba, huɗu kuma suna gundurar da shi. Ta farko ƙarama, kamar ɓoye takalman tafiyar Baba. Ta biyu sikelin. Ta uku ta jawo faɗa tsakanin ƙawayen kansu: Bilki ta gaji, ta ce ai Nana murna take yi da tafiyar. Daga nan labarin ya sami nauyi.

Duk wannan ba zai ci ba sai kin gina abotar tukuna. Hausawa sun ce sabo ake wa kuka, kuma mai karatu ba zai damu da rabuwar yaran da bai saba da su ba. Ki ba su abubuwa biyu ko uku nasu su kaɗai: wata gaisuwar hannu da suka ƙirƙira, wurin ɓuyansu, sunan da suka laƙaba wa wata kyanwa mai wutsiya guntuwa. Masanin halayyar yara Robert Selman na jami'ar Harvard ya nuna cewa fahimtar yaro game da abota tana sauyawa da shekaru. A wajen ɗan shekara huɗu ko biyar, aboki shi ne wanda ke kusa ana wasa yanzu. Wajen shekara bakwai zuwa tara ana kallonta ta fuskar ba ni in ba ka da bin layi da adalci. Riƙon sirri da amana sai gaba kaɗan suke ƙarfi. Saboda haka kada Nana ta ce Bilki ce ke fahimtar zuciyarta. Abin da za ta ce shi ne, "Bilki ce kaɗai ke barin in fara hawa lilo."

Sannan ki bar shafi ɗaya babu barkwanci ko kaɗan, ranar bankwana. Jimla biyu ko uku gajeru, hoto ya ɗauki sauran. Idan kika rufe wurin da wasa, yaron da ya taɓa rabuwa da wani zai ji an yi masa wayo.

Labarina ya kai kalma 1,800, kuma ina so ya fito a littafi mai hotuna na yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai. Ya yi yawa ne? Yaya ake raba shi a shafuka? — Aminu, ɗalibin koyon zane

Ya yi yawa, Malam Aminu. Littafin hotuna na wannan rukuni yakan tsaya tsakanin kalma 500 zuwa 700, kuma da wuya ya haura 1,000. Yawancinsu shafi 32 ne, saboda maɗaba'a na buga shafuka 8 ko 16 a kan babbar takarda ɗaya ta naɗe, don haka jimillar takan zama ninkin takwas. Idan ka cire shafin suna da na haƙƙin mallaka da na sadaukarwa, abin da zai rage wa labari buɗi 12 zuwa 14 ne, wato shafuka biyu masu fuskantar juna. Kalma 40 zuwa 50 ke nan a kowane buɗi, wasu ma babu ko ɗaya.

Kafin ka yanke komai, ɗauki fallen takarda takwas ka ninke su biyu, ka sami ɗan littafi mai shafi 32. Rubuta labarin a ciki da fensir. Tsarin da ke aiki ga wannan jigo shi ne buɗi uku na farko su tafi a kan abota, na huɗu a faɗi labarin tafiya, na biyar zuwa na bakwai dabaru, na takwas faɗa, na tara shiri, na goma bankwana, na sha ɗaya tafiya, ukun ƙarshe kuma sabuwar ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sanar da tafiya tun a shafin farko, kafin mu san wa za a bari. Na biyu shi ne a cinye buɗi huɗu a filin jirgi, saboda yana da daɗin zanawa.

Tunda kai mai zane ne, hanyar rage kalmomi a hannunka take. Duk abin da hoto zai nuna, goge shi daga rubutu: launin riga, yawan akwatuna, fuskar da ta ɓaci. Raha mafi ƙarfi ma takan fito ne inda rubutu ya faɗi wani abu, hoto ya nuna akasinsa. Rubutu ya ce, "Nana ta taya Mama haɗa kaya," hoto kuma ya nuna tana zare kaya daga akwati ta bayan Mama. Ka kuma yi amfani da juya shafi: tambaya ko shirin dabara ya ƙare a ƙasan shafin dama, sakamakon ya bayyana bayan an juya. Idan duka biyun suka zauna a buɗi ɗaya, idon yaro zai riga kunnensa, dariyar ta mutu. Kada ka sa fuska ko rubutu a tsakiyar buɗi, ɗinki zai haɗiye su.

In kuwa ka ga labarin ba ya yankuwa, to wataƙila na masu shekara shida zuwa tara ne, wanda ake rabawa babi-babi. Irin wannan kan kai kalma 4,000 zuwa 10,000, da zanen baƙi da fari jefi-jefi. A nan ƙarawa za ka yi.

Ni uwa ce, kuma muna shirin ƙaura. Ina so in rubuta wa ɗana labari. Na yi tunanin a ƙarshe iyalin abokin su ma su biyo su, don ya ji daɗi. Hakan ya dace? — Maman Sadiq

Allah ya sa a tafi a sa'a, Maman Sadiq. Amma muna roƙonki ki canza wannan ƙarshe. Yaro ƙarami yana ɗaukar labarin da uwarsa ta rubuta masa tamkar alkawari. Zai sauka a can yana jiran ranar da abokinsa zai iso, ranar kuma ba za ta zo ba. Haka ma ƙarshen da aka fasa tafiya saboda yaro ya yi kuka ko dabararsa ta ci: yana koya masa cewa da ya ƙara ƙoƙari da ba a tafi ba, sai ya ɗora wa kansa laifi.

Akwai wani ƙarshen kuma da ya fi waɗannan yawa a rubuce-rubucen masu farawa: yaro ya isa sabuwar makaranta, ranar farko ya sami aboki mai kama da tsohon sak, shi ke nan an warke. Yaran da ke cikin wannan hali ba sa karɓarsa, domin babban tsoronsu guda biyu ne, kada a manta da su, kada kuma yin sabon aboki ya zama cin amanar tsohon. Labarin da ya musanya aboki da aboki ya tabbatar musu da tsoron ke nan. Abin da ya fi shi ne sabon abokin ya bambanta da tsohon ƙwarai. In tsohon mai surutu ne, sabon ya zama mai shiru da ke tara maɓallai. Kuma tsohon abokin ya sa hannu a sabuwar abotar: shi ne zai ce ta waya, "Ka koya masa gaisuwarmu mana, amma ban da kashi na ƙarshe, wannan namu ne." Da jimla irin wannan an ba yaro izini.

David Pollock, wani Ba'amurke da ya daɗe yana aiki da yaran da suka tashi a ƙasashen da ba na iyayensu ba, ya tsara matakai huɗu na rabuwa mai kyau. A sasanta da duk wanda aka saɓa da shi, a gaya wa mutane abin da ake so game da su, a yi bankwana da mutane da wurare da dabbobi da kayan da za a bari, sannan a yi tunanin inda za a je. Kowannensu fage ne na labari a shirye. Na ukun ya fi ɗaukar raha: yaro ya rubuta jerin abubuwan da zai yi wa sallama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da famfon da ke ɗiga da bishiyar da ya taɓa faɗowa daga kanta. Amininsa ne na ƙarshe a jerin, shi ya sa yake ta ƙara wasu abubuwa a tsakani don kada a iso wurin.

Shawara ɗaya ta musamman gare ki: kada ki sa wa tauraron sunan ɗanki. Ba shi wani suna, ko ki mai da shi dabba. Yaro ya fi sakin baki a kan damuwar wani ɗan zomo fiye da tasa. Kuma idan za ki ambaci lokaci, ki ƙirga da kwana. "Saura barci goma" yana da ma'ana a wajen ɗan shekara biyar, "wata uku" kuwa ba ta da ita.

Yaya yaran za su ci gaba da zumunci a labarin? Ina tsoron waya ta kashe armashin. — Fa'iza

Ba za ta kashe ba, Malama Fa'iza, in kin bar mata matsalolinta na gaskiya. Facebook da Instagram ba sa yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi, don haka 'yar shekara takwas da wayar uwarta za ta yi kira, a lokacin da uwar ta ga dama. Ga kuma bambancin agogo. Landan na gaban New York da awa biyar a mafi yawan shekara. Tokiyo na gaban Landan da awa tara a hunturu, takwas a bazara, domin Ingila na canza agogo, Japan ba ta canzawa. Ƙarfe 8 na daren Asabar a Landan a hunturu, ƙarfe 5 na asubahin Lahadi ne a Tokiyo. Yarinya na iya gaskata cewa ƙawarta ta koma zama a cikin gobe, ta riƙa tambayarta abin da zai faru. Ki lissafa agogon daidai, akwai yaran da za su bincika.

Sannan kiran bidiyo tsakanin ƙananan yara ba ya tafiya sumul. Minti biyu sun ƙare magana, ɗaya na nuna hancinta a kyamara, ɗaya ta tafi neman kyanwa ta bar wayar na kallon rufi. Ki rubuta shi haka. Ki haɗa da wani abin da ake taɓawa da hannu, kamar littafin zane guda da suke aika wa juna, kowa ya ƙara shafi. Batun su kalli wata a lokaci ɗaya kuwa an yi shi har ya gaji, kuma in tazarar ta kai awa tara, sau da yawa ɗaya na cikin dare ɗaya na cikin rana.

Ina son ban dariyar ta fito daga baƙin abubuwan sabuwar ƙasa, amma ina gudun ya zama ba'a ga mutanenta. Ina iyakar take? — Malam Nuhu, mai rubutun wasan yara

Malam, ka duba wa ake yi wa dariya. In ana yi wa kuskuren fahimtar tauraron ne, lafiya. In ana yi wa kamannin mutanen ƙasar, ko yadda harshensu ke fita, ko abin da suke ci, to an tsallake iyaka. Kada kuma ka mai da ƙasar da aka baro wurin wahala, sabuwar ta zama aljanna, ko akasin haka. Littafin zai shiga hannun yaran da suka tafi da waɗanda suka zauna.

Abubuwan da za ka yi wasa da su ba tare da taɓa kowa ba suna da yawa, kuma na gaskiya sun fi na ƙage daɗi. A Landan rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a tsakiyar Disamba, a Yuni kuma sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka yaro zai yi gardamar an tura shi barci da rana tsaka. A Ostireliya Disamba lokacin zafi ne. A Ingila da Japan ana tuƙi ta hagu, a Amurka da Faransa ta dama, sai Baba ya buɗe ƙofar mota ya tarar babu sitiyari a gabansa. Yara na matuƙar jin daɗin ganin babba ya ruɗe, kuma hakan na nuna musu cewa ba su kaɗai ne baƙi ba.

Ka kiyaye batun harshe. Yaron da ya shiga makarantar da ba ya jin yarenta yakan yi shiru na makonni, wani har watanni, yana saurare. Binciken Jim Cummins, masanin yadda yara ke koyon harshe na biyu, a Kanada ya nuna hirar yau da kullum kan samu cikin kimanin shekara biyu, harshen karatu kuwa yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. To kada tauraronka ya riƙa zuba yare cikin mako ɗaya. Ka ba shi kalma uku kacal, ya riƙa amfani da su a kowane hali, a inda suka dace da inda ba su dace ba. A wasan dandamali wannan na tashi sosai, domin 'yan kallo za su fara faɗin kalmomin kafin ya faɗa.

Kowa na rubuta labarin mai tafiya. Wanda aka bari fa? — Rukayya, 'yar aji biyar na sakandare

Kin taɓo wuri mai kyau, 'yarmu. Mai tafiya yana da jirgi da sabon gida da za su ɗauke masa hankali. Wanda aka bari yana nan da kujerar da babu kowa a gefensa, kuma manya ba su cika tambayarsa yadda yake ji ba. Matsalar rubuta shi ita ce babu abin da ke faruwa da shi sai jira, labari kuma ba ya tafiya da jira. Ki ba shi aiki. Amininsa ya bar masa amanar wani abu mai wahalar riƙo, kamar kunkurun da ke yawan ɓacewa, ko ya buɗe gwajin neman wanda zai maye gurbin, ya riƙa kayar da kowa saboda dalilai marasa kan gado. Kina iya kuma raba babi-babi, ɗaya na mai tafiya ɗaya na mai zama, kowa na zaton ɗayan ya fi shi jin daɗi. In kika zaɓi haka, ki bambanta muryoyinsu har a gane mai magana ko an rufe sunan: ɗaya mai dogayen jimloli da tambayoyi, ɗaya mai gajeru.

Na gama rubutawa. Ta yaya zan san ya yi? — Malam Isiyaku

Ka gwada shi a kan yara, Malam, amma ba naka ba, domin naka za su yi dariya don kai ne. Nemi yara huɗu zuwa shida na shekarun da ka nufa, ka ba wani babba ya karanta musu da ƙarfi ba tare da ya taɓa ganin rubutun ba, kai kuma ka zauna a baya da kwafi da biro. Labari mai kalma 600 bai kamata ya wuce minti bakwai ba har da juya shafi. Yi alama duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe, wannan jimlar na buƙatar gyara. Yi alama inda yara suka fara mutsu-mutsu, nan ne bayani ya yi yawa. Inda mai karatu ya yi dariya yara ba su yi ba, barkwancin na manya ne, guda ɗaya ko biyu sun isa a littafi.

Bayan an gama kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kowa zai ce e. Tambaye su sunan abokin da aka bari, da abin da su biyun ke yi tare. In sun tuna dabarun amma sun manta abokin, koma buɗi ukun farko ka ƙara masa aiki da magana tasa ta kansa. Sannan ka tambaye su me suke jin zai faru bayan shafin ƙarshe. In mafi yawansu suka ce abokin zai biyo su gobe, akwai wata jimla ko hoto da ya yi musu wannan alkawari, ka nemo shi ka cire. Ka ajiye rubutun mako biyu kafin ka yi gyaran, sannan ka sake gwadawa da wasu yaran dabam.